Koyiloba Bilstein B14 a kan BMW E46: sauke mota a titunan Damagaram ba tare da ƙugu ya karye ba

Bilstein B14 ne a ƙarƙashin motata yanzu, BMW E46 330Ci mai ƙofa biyu, kuma in aka ce in sake zaɓe shi ɗin dai zan ɗauka, amma da sharaɗi guda, a bar shi can kusa da ƙarshen zarensa na sama, kar a biye ma hotunan da ake gani a Instagram inda taya ke shigewa cikin jikin mota. Waɗancan motocin a kwaltar Jamus da Japan suke yawo, mu kuma nan muna da dodan ɗin rage gudu a gaban kusan kowace lakkol da kasuwa, ga yashi ga rami ga dakalin ƙofar gida, to lissafin ba ɗaya ba ne sam.

Ga wanda bai san abin ba, koyiloba amortisa ne (abin da ke shanye girgizar mota) da resor ɗinsa (ƙarfen nan mai naɗi da mota ke zaune a kai) a haɗe, jikin amortisan yana da zare kamar na noti, akwai wani faranti da resor ke zaune a kai, in ka murɗa farantin ya yi sama mota ta ɗaga, in ka murɗa shi ƙasa mota ta sauka. Shi ke nan asalin abin. A E46 ƙafar gaba ce kawai take a haɗe haka, ta baya resor daban amortisa daban, don haka a baya wani ɗan mazauni mai zare ake sakawa a wurin resor ɗin, shi ake murɗawa. Duk wanda ya ce maka na bayan bai cika ba don ya ga resor a ware, bai san motar ba ne kawai.

Ita motar da koyiloba ta zo min tun daga waje, wanda ya riƙe ta a Turai ya saka mata wani marar suna, ba tambari ba lamba ba komai, irin na arahar nan da ake saidawa a intanet, kuma ya murɗe shi har ƙasa. Kyau kam tana da kyau in tana tsaye. Amma wallahi tafiya cikinta kamar ka hau amalanken jaki a kan gargada, kowane ɗan tsakuwa sai ka ji shi a haƙoranka, in ta faɗa rami kuma ba sau ɗaya take girgiza ta tsaya ba, sai ta yi ta tsalle tana rawa, alamar resor ya fi ƙarfin amortisa ke nan, amortisan ba ya iya riƙe shi. Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne ba saukewar ce kaɗai ke kashe daɗin mota ba, abu uku ne ke haɗuwa, taurin resor, ingancin amortisa, da ɗan filin da ya rage ma ƙafa ta motsa kafin ta daki robar ƙarshe. In filin nan ya ƙare to ba resor ke ɗauke da kai ba kuma, roba ce da ƙarfe, ko nawa ka kashe a kan kayan.

Taurin resor da kilo ake faɗinsa, in an ce kilo 6 ana nufin sai an ɗora masa nauyin kilo 6 kafin ya matse da milimita ɗaya. Waɗanda ake yi don filin tsere za ka ga kilo 10, kilo 12 har sama, su burinsu mota kar ta kwanta a kwana ko kaɗan, ba ruwansu da bayanka. Da yawa cikin na arahar nan haka suke zuwa da resor mai tauri sosai saboda an san za a sauke su har ƙasa, taurin ne ke hana taya cin jikin mota. Sannan a E46 kar ka kwatanta lambar gaba da ta baya kai tsaye, resor na baya a tsakiyar hannun ƙafa yake zaune ba kusa da taya ba, shi ya sa lambarsa kan fi girma amma ba haka kake jin taurinsa a jiki ba.

Kafin in tsaya kan B14 na duba wasu. Akwai hanya mafi sauƙi, ka sayi resor kawai irin Eibach Pro-Kit ko H&R ka ɗora kan amortisa mai kyau, yana sauke mota wajen santimita 3, ba murɗawa ba gyarawa, kuma gaskiya ga mutane da yawa wannan ya isa, kuɗin ma bai kai ba. Abin da ya hana ni shi ne in ka saka ka ga gaba ya yi ƙasa da yawa ma dakalin gidanku ba yadda za ka yi, sai dai ka cire. Akwai BC Racing na Taiwan, samfurin BR, shi yana da makunnin tauri mai mataki 30 kuma tsawon jikinsa ake ragewa daga ƙasa ba tare da an taɓa matsin resor ba, wannan dabara ce mai kyau don filin motsin amortisa ba ya raguwa in ka sauke. Tein na Japan ma suna da irin wannan tsarin a Flex Z, mai mataki 16. Akwai KW na Jamus, V1 tsawo kawai ake gyarawa, V2 a ƙara da gyaran dawowar amortisa, V3 kuma dawowa daban matsewa daban, jikinsu ƙarfe ne da ba ya tsatsa, an yi shi ne saboda gishirin da ake zubawa kan titi lokacin ƙanƙara a Turai, mu kuwa ba tsatsa ke damunmu ba ƙura ce.

To me ya sa na ɗauki wanda ba shi da makunni ko ɗaya? Saboda na ga yadda ake yi da makunnan. Mutum zai sayi mai mataki 30, yau ya murɗa dama gobe ya murɗa hagu, yaron garaji ma in ya samu dama ya murɗa nasa, a ƙarshe ƙafa huɗu kowace da taurinta kuma ba wanda ya san inda aka faro. B14 kamfanin ne ya daidaita amortisa da resor ɗin tun daga can Ennepetal a Jamus, kai naka tsawo ne kawai. Wanda ke son makunni akwai yayansa B16 mai mataki 10, kuɗi ne dai zai ƙaru. Dalili na biyu kuma zafi. B14 bututu ɗaya ne, mai a gefe guda gas ɗin naitirojin a gefe guda, da wani fistan a tsakani da ya raba su, don haka man ba ya kumfa in ya sha wuya kuma zafi na fita da sauri tunda man na taɓa jikin bututun waje kai tsaye. Mai bututu biyu ya fi laushi a ƙananan gargada, wannan gaskiya ne ba na musu, amma ka tuna watan Afrilu da Mayu a garin nan zafi na wuce digiri 40 a inuwa, ka ɗora doguwar hanya mai gargada a kai, amortisan da mansa ya yi kumfa sai ka ji mota ta koma lilo.

Maganar kuɗi, a Turai saitin yana kaiwa wajen yuro dubu ɗaya, ya danganta da inda ka saya da lokacin, yuro ɗaya kuma kusan sefa 656 ne a ƙayyade, ka ga kana maganar jaka 650 da ɗoriya tun kafin kuɗin ɗauko da na duwan. Wani ɗan'uwana da ke Faransa ne ya saya min ya turo ta Yamai. Tun 2023 da aka rufe iyaka da Benin kayan da muka saba samu ta Kwatano sun yi wuya sun yi tsada, mafi yawa sai sun zagayo ta Lome, don haka in kana da mai zuwa ta jirgi ka lallaɓa shi, amma ka faɗa masa gaskiya kwalin yana da nauyi. Sauran ƙananan kayan ƙafa kuwa Kano na aika aka sayo a Ƙofar Ruwa, nan ɗin kusan ba abin BMW tsohuwa da za ka rasa in ka san mai shago na kirki. Ka dai kula, ba kowane amortisa mai launin ɗorawa da resor shuɗi ba ne Bilstein, fenti ba wuya gare shi ba, ka duba lambar da aka buga a jikinsa ta yi daidai da ta kwali da ta takardar da ke ciki, takardar nan ita ce ma ke faɗin iyakar inda aka yarda ka murɗa farantin sama da ƙasa.

Ranar sakawa mai garajin da nake zuwa, dattijo ne ya daɗe yana taɓa motocin Jamus, ya juya amortisan a hannu ya dube ni yace "ɗana, duk garin nan mutane na zuwa in ɗaga musu mota, kai kaɗai ka zo in sauke maka." Nace "Baba ai ɗagawar ma za a yi, yadda take yanzu ko kwalbar lemo ba ta wucewa ƙarƙashinta." Kuma haka ne, kamfanin kan ce B14 na sauke mota tsakanin milimita 30 zuwa 50 daga tsawonta na asali, mu a wajen 30 ɗin muka tsaya, wanda ya fi inda tsohon mai ita ya bar ta tsawo nesa ba kusa ba. Yace "to Allah Ya sa albarka, amma sai mun canza robobin nan duka, ba zan ɗora sabon kaya kan mushe ba."

Nan ne nake so masu E46 su buɗe kunne, don rabin daɗin da nake ji yanzu ba daga Bilstein ya zo ba, daga waɗannan ƙananan abubuwan ne. An daina ƙera E46 tun 2006, wato ko wacce ka samu robobinta sun tsufa in ba a taɓa canzawa ba. Silambulok, wato robar mahaɗa, na hannun ƙafar gaba sanannen ciwon motar ne, in ya mutu za ka ji sitiyari na rawa in ka taka birki. Mazaunin amortisa na baya, wanda ke cikin but, shi ma yana yagewa, amortisa mai ƙarfin gas kuma yana ƙara saurin kashe shi, don haka sabo muka saka da ɗan farantin ƙarfe na ƙarfafawa. A gaba, kan hasumiyar da amortisa ke ɗaure yana kumbura ya yi sama in mota na yawan faɗawa rami, BMW da kansu suna da farantin ƙarfafa wurin, yana cikin kayan da suke saka ma motocin da za su ƙasashe masu mummunar hanya, kuma a cikin kayan nan har da abin da ke ƙara ma motar tsawo, ka ji fa, su masu ita ɗagawa suke yi ma hanya irin tamu. Farantin ba shi da tsada, ka saka shi. Sai babban, ƙasan mota inda gadon ƙafar baya ke ɗaure yana tsagewa a E46, kafin ka saka duk wani abu mai tauri a ɗaga motar a haska wurin da tocila a duba da kyau, in akwai tsaga a fara kai ta wajen mai walda.

B14 da mazaunin sama na asali yake aiki, mai roba, kuma ni wannan alheri ne a wurina. Wasu koyiloba suna zuwa da mazauni na ƙarfe zalla mai ƙwallo a ciki, a filin tsere yana sa sitiyari ya yi kaifi, amma a gari duk ƙarar titi cikin mota take shigowa, ƙura kuma in ta shiga ƙwallon nan ba ya daɗewa zai fara ƙwas ƙwas.

Abu biyu da Baba ya yi da ba kowane garaji ke yi ba. Bai ɗaure notin silambulok ba sai da aka sauke motar ta zauna kan tayoyinta, don in ka ɗaure tana rataye a sama robar za ta zauna a murɗe ta mutu da wuri. Sannan awo daga tsakiyar wili zuwa bakin jikin mota da ke saman taya ya yi, ba daga ƙasa ba, saboda iskar taya da rashin daidaiton daɓen garaji na ɓata lissafi. Resor sabo yana ɗan zama bayan an yi yawo da shi, sai da na koma aka sake aunawa aka gyara gefe ɗaya, daga nan aka kai ta paralelizim, wato saitin tayoyi. Kar ka tsallake wannan don Allah, in ka canza tsawon mota tayoyi na karkata ciki kuma bakinsu na canza saiti, cikin ɗan lokaci za ka ga gefen ciki na taya ya cinye har waya alhali waje sabo fil.

Yanzu yadda take tafiya. A kan babban titi, RN1, ko ka nufi Mirya ko ka yi yamma wajen Takeita, nan ne kuɗinka ke dawo maka. Motar ta zauna daram, in ta hau ɗan tudu ta sauka sau ɗaya take matsewa ta miƙe shi ke nan, ba lilo ba tsalle, in babbar mota ta wuce ka iskarta ba ta ɗaukarka, a kwana kuma ba ta kwanciya kamar da, injin nan mai silinda 6 doki 231 sai yanzu nake jin ƙafar ta yi daidai da shi. Abin mamaki gudu na ƙara mata laushi, gargadar da za ka ji a 30 in ka kai 80 sai ta shanye ta. Na bi da ita hanyar Matamaye zuwa Ɗan Barto na shiga Kano na dawo, na fito ba ciwon baya, abin da da can ba zan ma fara ba.

A cikin gari kuwa kar in yi maka ƙarya, tana da tauri. Ba taurin duka ba, amma ka san kana kan ƙafar wasanni. Titunan da aka gyara lokacin shirin gyaran gari na Zinder Sabuwa a 2018 inda kwalta ke da kyau ba matsala, amma kan pabe a hankali za ka ji kowane layi, wanda ya saba da Camry ko Corolla in ya shiga zai tambaye ka ko tayar ta cika iska da yawa. Mahaifiyata sau ɗaya ta shiga tace "kai dai ka kai ni da motar yayanka." Wannan ba laifin kayan ba ne, haka aka yi su, duk abin da ya rage tsawon resor dole ya ƙara masa tauri in ba haka ba mota ta dinga dukan ƙasa.

Dodan kuwa dabara ce, ka rage gudu tun da nisa, ka saki birki kafin taya ta hau don in kana kan birki gaban mota a nutse yake, manyan kuma ka hau su a karkace taya ɗaya bayan ɗaya, masu kabu-kabu na bayanka za su yi ta oda ka ƙyale su. A milimita 30 yawancinsu ina wucewa ba taɓawa in ni kaɗai ne ko mu biyu, in an cika mutum huɗu da kaya a but to salansa na gaisawa da wasu. Wajen kasuwar Dole ranar cunkoso ban cika shiga da ita ba, ba don ƙafa ba don masu baro da adaidaita. Lungunan Birni dama ba na mota irin wannan ba ne. Unguwannin bayan gari masu yashi su ne ainihin abin tsoro, motar da tayar baya take ja, in cikinta ya zauna kan yashi tayoyin sai su yi ta juyawa a banza, kuma da damina watan Agusta in ruwa ya kwanta ba ka ganin ramin da ke ƙasa, ranar da aka yi ruwa mai yawa ajiye ta nake in hau babur.

Taya ma rabin zancen ce kuma mutane na mantawa. Na bar ta a kan wili 17 da taya 225/45, gefen tayar ya kai kusan milimita 101. In ka koma 18 da 225/40 ya zama 90, in ka je 19 da 35 bai kai 80 ba. Wannan naman gefen shi ke fara shan dukan rami kafin amortisa ya ma sani, ka rage shi ka sauke mota ka ƙara taurin resor duk a lokaci ɗaya, sannan ka zo kana zagin koyiloba, ga wili na lanƙwashewa kana yawo wajen masu bugu. Wili 19 ya fi kyau a hoto na yarda, ni dai 17.

Ƙura kuma, musamman lokacin hunturu in buji ya taso, tana cika zaren nan ta daskare. Kar ka yarda yaron garaji ya shafe shi da giris wai don kar ya ci, giris na kama yashi ya koma kamar siminti. A wanke da ruwa da buroshi in an je wankin mota, a bar shi a bushe, in da hali a samu rigar da ake saka masa ta rufe zaren, ko mai ɗinkin kujerun mota zai iya yi maka da leda mai kauri. Kuma duk ranar da za a murɗa faranti sai an ɗaga mota da jak nauyi ya sauka daga kan resor, a goge zaren tas, a yi amfani da makullinsa da ya zo cikin kwali, ba guduma da kurfi ba.

In motar nan ita kaɗai gare ka, ita ce ta kai yara lakkol ita ce ta zuwa ƙauye ita ce ta hanyar Tanut, ka sayi amortisa mai kyau na tsawon asali ka huta, Sachs ko Bilstein B4 ko B6, kuɗin da ya rage ka zuba a taya. B14 na wanda ke da wata abin hawan ne a gefe kuma ya san titunan da zai bi. Ni abin da ya rage min yanzu kartar ɗin man inji, a wannan injin na alminiyom ne, ba ya lotsewa fashewa yake in ya daki dutse, garin nan kuma ba abin da ya fi dutse yawa. Na riga na yi magana da mai walda zai yanko min faranti mai kauri ya yi masa ramukan shan iska da ƙofar juye mai, a ɗaure shi a ƙasa da noti yadda za a iya cirewa in za a yi aiki.